Tarihin Duban Ƙarin Ƙwaƙwalwa Daga Nesa

Cikin dukan ayyukan likita babu wanda ya kai fiɗar ƙwaƙwalwa hatsari. Hanji in an yanke wani yanki nasa a kan ɗinke sauran, mutum ya tashi ya ci gaba da cin tuwonsa. Amma ƙwaƙwalwa ko wane lungu nata da aikin da Allah ya ba shi, nan magana ta ke, can gani, can kuma motsin hannu da ƙafa, in kuwa wuƙa ta wuce iyaka ko da kaɗan, mai yiwuwa ne mutum ya farka bebe ko shanyayye har iyakar ransa. Saboda haka likitan da ya buɗe ƙoƙon kan mutum ya tarar da ƙari a ciki, watau tsiron nama, tilas ya san ko wane iri ne tun wuƙa tana hannunsa. Akwai wanda in an cire shi duka an rabu da shi ke nan. Akwai wanda ya riga ya yi saiwa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa, ba shi ciruwa duka ko an so. Akwai kuma kumburin da ya yi kama da ƙari, alhali kuwa ciwon tarin fuka ne ya taru a wurin, maganinsa na sha ne.

Mai raba wannan gardama wani likita ne dabam, wanda ba safai ma majiyyaci ya kan ga fuskarsa ba. Aikinsa shi ne a kawo masa ɗan yankin tsoka, a shimfiɗa bisa gilashi, a rina, ya duba da madubin likita, ya faɗi sunan ciwon da matakin muguntarsa. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne ko a ƙasashen Turai, waɗanda suka ƙware da ƙwaƙwalwa kuwa sun fi ƙaranci. To, yadda aka yi har irin wannan gwani ya zama yana zaune a wani gari yana yanke hukunci bisa ƙarin mutumin da ke kwance a wani gari, labari ne mai hanya biyu. Ɗaya ta neman ma'auni ce, ɗayar ta neman wayar da za ta kai ido inda ƙafa ba ta kai ba. An daɗe ko wace tana tafiyarta dabam kafin su gamu.

Neman Ma'auni

Asalin abin daga Jamus ne. Cikin shekarar 1858 wani malamin likita na birnin Barlin, Rudolf Virchow, ya fitar da littafi inda ya nuna jikin mutum duka an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubi, kamar yadda a ke gina soro da tubali, ya kuma nuna cuta daga lalacewar waɗannan ƙwayoyi ta ke farawa. Shi ne ya lura ban da ƙwayoyin da ke ɗauke da tunani da motsi, akwai waɗansu cikin ƙwaƙwalwa masu riƙe su wuri ɗaya, kamar yadda laka ke riƙe tubali. Ya kira su da wata kalmar Girkanci mai ma'anar danƙo, ƙarin da ke tasowa daga cikinsu kuwa ya sa masa suna giliyoma. Har yau da wannan suna a ke kiransa, shi ne kuma mafi yawa cikin miyagun ƙari da ke tsirowa daga ƙwaƙwalwa kanta.

A wannan zamani sai bayan mutum ya mutu a kan ga ƙarin. Ranar 25 ga Nuwamba, 1884, a wani asibiti na birnin Landan, likita Rickman Godlee ya buɗe kan wani saurayi mai shekara 25, wanda ya daɗe yana fama da ciwon kai da fizgar hannun hagu. Babu na'urar hoton ciki a lokacin, abokin aikinsa Hughes Bennett ne ya yi lissafi daga alamun ciwon, ya ce ga daidai inda za a huda. Aka huda, aka sami ƙarin a nan, girmansa kamar goro, aka cire. Saurayin ya farfaɗo, ciwon kai ya sauka, amma mikin ya ruɓe, bayan kwana 28 ya rasu. Duk da haka likitoci suka gane ƙofa ta buɗe.

Da fiɗa ta yawaita sai wata wahala ta bayyana. Kafin a iya duban tsoka da madubi sai an jiƙa ta cikin ruwan magani mai hana ruɓa, a tsane ruwanta, a zuba mata kaki ta daskare, kana a sa inji mai aska ya fere ta har ta fi silin gashi siranta fiye da sau 10, a ɗora bisa gilashi a rina da shuɗi da ja. Wannan aiki ya kan ci kwana ɗaya ko fiye, ba shi yiwuwa kuwa a bar mutum kwance da kai a buɗe har gobe. Cikin 1905, a asibitin Mayo da ke garin Rochester ta Amurka, Louis Wilson ya daidaita wata dabara, watau a daskarar da tsokar da sanyi maimakon kaki, a fere ta nan take, a rina a duba, duka cikin 'yan mintoci. Daga baya Louise Eisenhardt a Boston cikin 1930, da Dorothy Russell a Landan cikin 1937, suka nuna tun da ya ke ƙwaƙwalwa taushi gare ta, ana iya ɗaukar ɗan mitsitsin yanki a danne shi bisa gilashi ya baje, a duba shi haka nan.

A wannan asibiti na Mayo ne kuma aka fara maganar mataki. Cikin 1920 Albert Broders ya bi labarin mutum 537 masu ciwon daji a leɓe, ya raba su kashi 4 bisa ga yadda ƙwayoyin ƙarin suka yi nisa da kamannin lafiyayyu. Ya tarar waɗanda ƙwayoyinsu ke kusa da asali sun fi warkewa, waɗanda nasu suka sake kama sarai sun fi saurin mutuwa. Ashe ko ga ƙwaya, labarin zuciya a tambayi fuska.

Harvey Cushing, babban likitan fiɗar ƙwaƙwalwa na Boston, mutum ne mai ajiya. Ko wane ƙari ya cire sai ya adana yankinsa, ya rubuta labarin mai shi, ya riƙa bin sawunsa da takarda yana tambayar lafiyarsa. Cikin 1926 shi da almajirinsa Percival Bailey suka fitar da littafi bayan sun duba giliyoma fiye da 400, suka kasa su iri 14, suka nuna tsawon kwanan da masu ko wane iri su kan yi. Iri 14 ya yi wa likitoci yawa. Cikin 1949 James Kernohan na Mayo ya rage sunayen, ya ɗauko ma'aunin Broders ya aza musu, mataki na 1 zuwa na 4. Shekara guda bayan haka Nils Ringertz na ƙasar Suwidin ya fito da nasa mai mataki 3. Sai aka wayi gari abin da wani asibiti ke kira mataki na 3 dabam ya ke da na 3 a wani asibiti, tamkar kasuwa biyu, ko wace da girman mudunta, ga shi kuwa duka sunan mudu su ke amsawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga tsakani. Ta tara masana a ƙarƙashin Klaus Zülch na birnin Kolon, cikin 1979 ta fitar da littafin sunaye da matakai don kowa ya bi. An sake gyara shi cikin 1993, da 2000, da 2007, da 2016, da 2021. Abin da ya ƙara sauƙaƙa aikin shi ne tsarin da Catherine Daumas-Duport ta asibitin Sainte-Anne a Faris ta yi tare da likitocin Mayo cikin 1988, inda aka ce mai duba ya nemi alama 4. Ta farko, cibiyar ƙwayoyin ta munana, wata babba wata ƙarama, wata ta yi baƙi ƙirin. Ta 2, a kama ƙwaya tana cikin rabuwa biyu, watau ƙarin yana haihuwa ke nan. Ta 3, ƙananan jijiyoyin jini sun yi kauri sun cukurkuɗe, don ƙarin yana jawo wa kansa abinci. Ta 4, akwai wuraren da tsoka ta mutu. In babu ko ɗaya, mataki na 1. In akwai ɗaya, na 2. In biyu, na 3. In uku ko huɗu, na 4.

Wannan lamba babban abu ce ga mai ciwo. Ƙarin mataki na 1, irin wanda ya fi kama yara, sau da yawa fiɗa kaɗai ta ishe shi. Mai na 2 ya kan yi shekaru da dama. Na 4, wanda a ke kira giliyobilastoma, shi ne mafi muni. Wani babban gwaji da aka yi a Turai da Kanada da mutum 573, aka bayyana shi cikin 2005, ya nuna ko an haɗa wa mutum gashi da haske mai ƙarfi da ƙwayar magani, rabin majiyyatan ba su kai wata 15 ba. In mai duba ya ɗaga lamba bisa kuskure, an gasa ƙwaƙwalwar mutum a banza, in kuwa ya rage ta, an bar wuta tana ci ƙarƙashin toka.

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai kimar wannan ido ta kan bambanta da ta wancan. Cikin 1997 aka bayyana wani gwaji a Amurka inda gwanaye 4 suka duba giliyoma 244, kowa shi kaɗai. A zagayen farko cikin kashi 52 bisa 100 kaɗai bakinsu ya zo ɗaya su duka, sai da suka zauna suka daidaita ƙa'idodinsu sau da dama kana abin ya kai 69. In haka ta ke tsakanin gwanaye, ina ga wanda ba ya ganin irin wannan ƙari sai nadiran? Amma gwanayen suna manyan birane, majiyyata kuwa suna ko'ina. Gilashi a kan aika da shi ta gidan waya ya yi kwanaki a hanya, wanda ke kwance a ɗakin fiɗa kuwa ba ya iya jiran masinja.

Neman Waya

Hanya ta biyu daga wani hatsari ta faro. Ranar 4 ga Oktoba, 1960, wani jirgin sama ya tashi daga filin Logan na Boston, ya yi karo da garken tsuntsaye, ya faɗa cikin ruwa, mutum 62 suka hallaka. Bayan wannan aka buɗe ƙaramin ɗakin magani a filin jirgin, a ƙarƙashin Babban Asibitin Massachusetts. Tsakaninsu bai kai mil 3 ba, amma hanyar ta ƙarƙashin ruwa ta ke bi, motoci kuwa su kan cunkushe a ciki. Likitan da ke lura da wurin, Kenneth Bird, ya ga maimakon ya riƙa kai da kawowa gara a haɗa wuraren biyu da telebijin. Cikin 1968 aka haɗa, har aka ɗaura na'urar ɗaukar hoto bisa madubin likita, aka riƙa nuna jini da fitsari, likitocin asibiti suna gani daga inda su ke. Hoton baƙi da fari ne, mai duba kuma ba shi da iko da madubin, sai dai ya gaya wa wanda ke can inda zai matsar da gilashi.

Cikin samarin likitocin da ke koyon aiki a asibitin a lokacin akwai Ronald Weinstein. Bayan shekaru ya zama shugaban sashen duban tsoka a wani babban asibiti na Shikago, ya shiga wani bincike na ciwon daji na mafitsara, ya ga yadda saɓanin masu duba ke ɓata lissafi. Sai ya yi tunanin a ƙera madubi mai inji, wanda gwani zai juya daga nesa da hannunsa, ya matsar da gilashi, ya ƙara girma ko ya rage, ya daidaita gani, kamar yana zaune a gabansa. Cikin 1986 ya rubuta wannan shawara, ya raɗa wa abin suna telefatoloji, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar nesa da sanin cuta. Ranar 20 ga Agusta ta wannan shekara aka gwada a gaban jama'a. Gilashin yana asibitin soja na El Paso cikin jihar Texas, likita yana birnin Washington, tsakaninsu fiye da mil 1,500, hoto yana bi ta tauraron ɗan'adam. Likitan ya juya madubi ya duba, ya ce ciwon daji ne na nono.

Waɗanda suka fara mai da shi aikin yau da kullum mutanen Norwe ne, don su larura ta matsa. Arewacin ƙasarsu duwatsu ne da ƙanƙara, da hunturu rana ta kan yi kusan wata 2 ba ta fito ba. Garin Kirkenes, dab da iyakar Rasha, yana da asibiti da likitan fiɗa, amma mai duban tsoka yana Tromso, fiye da mil 250 a miƙe. Cikin 1989 Ivar Nordrum da Tor Eide suka haɗa asibitocin biyu. Ma'aikatan ɗakin gwaji na Kirkenes su ke daskarar da tsoka su fere, likitoci kuwa suna duba daga Tromso tun majiyyaci yana kan tebur.

A wuraren da ba su da kuɗin irin wannan inji sai aka bi hanya mai araha, watau wanda ke wurin ya ɗauki 'yan hotunan inda ya ga ya dace, ya aika ta intanet. Aibin wannan a fili ya ke. Gwani ba ya ganin kome sai abin da aka zaɓa masa, kamar alƙalin da aka kawo masa shaidun ɓangare ɗaya. In mai zaɓen ya tsallake inda mugun wurin ya ke, ya tsallakar da gwanin ke nan. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka ƙago injin da ke bin gilashi duka layi layi, yana ɗaukar dubban ƙananan hotuna, kwamfuta tana ɗinke su su zama hoto ɗaya babba. Da wannan, mai duba ya sami gilashin duka a gabansa, ya je inda ya ga dama.

Inda Hanyoyin Suka Gamu

A birnin Toronto ta Kanada akwai waɗansu asibitoci ƙarƙashin hukuma ɗaya. Masu duban tsoka duka an tattara su a Babban Asibitin Toronto, fiɗar ƙwaƙwalwa kuwa a Asibitin Yamma a ke yin ta, mil ɗaya tsakani. Ko wane mako a kan bukaci duban gaggawa sau 5 zuwa 10, fiye da kashi 95 bisa 100 daga likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa da laka. Cikin Nuwamba 2004 aka kafa madubi mai inji, cikin Oktoba 2006 aka koma ga hoton gilashi duka. Andrew Evans da abokan aikinsa suka bayyana lissafinsu cikin 2009. Sun yi duba 983 ga majiyyata 790, 350 da madubi mai inji, 633 da hoton gilashi. Cikin kashi 98 bisa 100 abin da aka faɗa daga nesa ya yi daidai da hukuncin ƙarshe. Duban gilashi ɗaya ya sauko daga kusan minti 10 zuwa minti 2 da kwata, daga karɓar tsoka zuwa ba da amsa kuwa kimanin minti 16. Sau 3 kaɗai inji ya tsaya ana cikin aiki, har likita ya tashi ya tafi can da kansa. Kusan kashi 8 bisa 100 kuma mai duba ya ce a dakata sai an yi aikin kaki.

Wannan dakatawa ya kamata mai karatu ya lura da ita, don a nan iyakar abin ta ke. Abin da likitan fiɗa ke tambaya sa'ad da wuƙa ke hannunsa shi ne, ko ya shiga cikin ƙarin ko yana gefensa tukuna, ko wane dangi ne, ko mai sauƙi ne ko mugu. Tabbatacciyar lamba sai daga baya, don dalilai uku. Na farko, ƙwaƙwalwa ruwa gare ta da yawa, in an daskarar da ita ƙanƙara ta kan farfasa ƙwayoyin su sake kama. Na 2, yankin da aka baje bisa gilashi wani wuri kauri wani wuri siranta, inji kuwa in bai daidaita gani ba hoton ya kan yi hazo, har ƙwaya mai rabuwa ta ɓuya. Na 3 shi ya fi girma. Giliyoma ba jikinsa ɗaya ba, wani gefe ya yi kama da mataki na 2, wani gefe na 4, hukunci kuwa da mafi munin gefen a ke yi. Sau da yawa da allura a ke ɗebo abin dubawa, bai fi ƙwayar shinkafa ba. A wani babban asibitin ciwon daji na Houston an kwatanta abin da allura ta ɗebo da abin da aka gani bayan an cire ƙarin, ga mutum 81, aka bayyana cikin 2001. Ko bayan gwanaye sun sake dubawa, ga mutum 30 hukuncin biyu bai zo ɗaya ba. Mai sayen hatsi in ya sa hannu a bakin buhu kaɗai, ba ya sanin tsakuwar da ke gindi, ko da yana tsaye kusa ko yana nesa.

Duk da haka amfanin abin ya rinjayi shakka. Cikin Afrilu 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara yarda a yanke hukunci daga hoton gilashin kaki ba tare da an koma ga madubi ba. Cikin 2020 kuma, da annobar korona ta hana cuɗanya, aka bar likitoci da yawa su riƙa duba daga gidajensu.

Yadda Ma'auni Ya Sake

Sa'ad da masu waya ke gyara hotonsu, masu ma'auni ba su zauna ba. Cikin cibiyar ƙwayar jiki akwai rubutun gado, an ɗaure shi dami 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Cikin 1994 aka gano wani irin giliyoma ya kan rasa yanki daga dami na 1 da na 19. Cikin 1998 Gregory Cairncross na Kanada da abokansa suka nuna irin wannan ya fi jin magani. Cikin 2008 a Amurka aka gano wani canji a wurin da a ke kira IDH, aka kuma tarar masu shi sun fi marasa shi tsawon kwana nesa ba kusa ba, ko da ƙarinsu kama ɗaya ne cikin madubi.

Saboda haka littafin Hukumar Lafiya na 2016 ya haɗa kamanni da rubutun gado wajen ba da suna, na 2021 kuwa ya wuce nan. Ya ce ƙarin baligi da ido ya gan shi kamar mataki na 2, in ba shi da canjin IDH, yana kuma ɗauke da waɗansu alamu sanannu na gado, giliyobilastoma ne, mataki na 4, ko ba a ga mataccen nama ba. Har lambobin ma aka sake yadda a ke rubuta su. Da, da na Rumawa a ke yi, sanda biyu da sanda uku, sai aka ga kuskuren sanda ɗaya wajen buga takarda ya isa ya juya maganin mutum, aka koma ga lambobin lissafi da kowa ya sani.

Watau daidai lokacin da aka iya kai ido ko'ina, sai ya zama ido shi kaɗai ba ya gama hukunci. Amma ita waya ba ta rasa aiki ba. Cikin 2018 masanan birnin Heidelberg a Jamus suka bayyana wata hanya ta auna waɗansu alamu da ke bisa rubutun gado, a aika da lambobin ta intanet, kwamfuta ta kwatanta su da na ƙari kimanin 2,800 da aka riga aka sani. Da suka gwada ga majiyyata fiye da 1,000, kimanin kashi 12 bisa 100 sai da aka sake musu sunan ciwo. Cikin 2023 likitocin Utrecht a ƙasar Holan suka nuna ana iya irin wannan awo cikin ƙasa da minti 90, tun ba a rufe kai ba.

Ƙasashen da suka fi bukatar wannan abu su ne masu ƙarancin likitoci. A Nijeriya tun 1962 Latunde Odeku ya fara fiɗar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan, amma wata ƙidaya da aka bayyana cikin 2013 ta nuna a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara mai duban tsoka ɗaya yana ɗauke da mutum fiye da 500,000, alhali a Ingila da Amurka ɗaya ne ga mutum 15,000 zuwa 20,000. A Butaro, cikin duwatsun arewacin Ruwanda, an buɗe sashen ciwon daji cikin 2012 da taimakon likitocin Boston. Abin da suka fara shi ne horar da ma'aikatan da za su jiƙa tsoka, su fere, su rina, sai da wannan ya zauna kana aka shiga aika hotuna.

Haka kuma ya kamata, gama tun daga Kirkenes har Toronto gwanin da ke nesa bisa hannu biyu ya dogara, hannun likitan da ya ɗebo tsoka daga inda ya dace, da hannun ma'aikacin da ya fere ta siriri ya rina da kyau. In waɗannan biyu sun gyaru, ga wutar lantarki da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ga kuma ma'auni ɗaya wanda na nan da na can suka yarda da shi, to, mutumin ƙauye zai sami hukuncin da mutumin birni ke samu, ba tare da danginsa sun sayar da gona don kuɗin tafiya ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.